Asusun fansho zai kai mu, ko zai ƙare kafin mu yi ritaya?

"Assalamu alaikum. Ni ɗan Tawa ne, amma a Yamai nake aiki, ina kula da sito a wani kamfani mai zaman kansa. Shekaruna 47, albashina jika 200 (sefa dubu 200) a wata, kuma kowane wata ana cire mini kuɗin CNSS. Ina ji a rediyo wai a Faransa da Japan tsofaffi sun yi yawa har biyan fansho yana neman gagarar gwamnati. Mu ma haka za ta faru da mu? In na kai 60 zan samu kuɗina? In na samu, za su riƙe ni da iyalina? Ina ganin yadda wani kawuna ɗan fansho yake fama, shi ya sa hankalina bai kwanta ba."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayoyi uku ka ƙulla wuri guda: ko asusun zai ɗore, ko kai da kanka za ka samu haƙƙinka cikakke, sannan ko abin da za a ba ka zai ishe ka. A ganina ta farkon, wadda rediyo ta tayar maka da hankali a kanta, ita ce mafi sauƙi. Da wuya ka kai 60 ka tarar an rufe asusu. Ta biyu tana hannunka fiye da yadda kake zato. Ta ukun ita ce mai nauyi, kuma ita ce take damun kawunka.

Kuɗin da ake cire maka ba ajiya ba ne

A Nijar manyan asusai biyu ne. CNSS, wadda aka kafa a 1965, ita ke riƙe da ma'aikatan kamfanoni da duk wanda dokar ƙwadago ta shafa. Ma'aikatan gwamnati kuma suna ƙarƙashin CARENI, wadda dokar 2012 ta kafa don ta gaji tsohon asusun FNR. Kai kana CNSS. A ɓangaren fansho ana cire kashi 5.25 cikin ɗari daga albashinka, kamfani ya ƙara kashi 6.25, jimla 11.5. A kan jika 200 ɗinka, kai kana zuba jika 10 da rabi, kamfani jika 12 da rabi, wato jika 23 kowane wata. Kamfani yana biyan wasu kason daban na kuɗin iyali da na haɗarin aiki, amma waɗannan ba na fansho ba ne.

Jika 23 ɗin nan ba a ajiye ta a wani akwati da sunanka. A watan da ta shiga, a watan ake biyan waɗanda suka riga ka yin ritaya da ita. Abin da kai kake tarawa shi ne watanni a rajista, da alkawarin cewa in lokacinka ya yi, masu aiki na wannan zamanin za su zuba a biya ka. Ya yi kama da adashi, sai dai wanda ya ɗauka ba ya sake zubi, kuma yana ci gaba da ɗauka kowane wata har ƙarshen ransa. Irin wannan adashi ba ya tafiya sai sababbin masu zubi suna shigowa ba fasawa.

Ga lissafin da komai ya rataya a kansa. In ɗan fansho zai karɓi rabin albashi irin naka, jika 100, to sai an haɗa zubin ma'aikata huɗu da ɗoriya masu albashi irin naka kafin a biya shi, don jika 23 sau huɗu jika 92 ce. In masu zubi suka koma uku a kan kowane ɗan fansho, kuɗin da ke shigowa jika 69 ne, saura jika 31 sai an nemo ta wani wuri. Hanyoyin nemo ta ba su da yawa: a ƙara kason zubi, ko a jinkirta shekarun ritaya, ko a rage fanshon, ko baitulmali ya cika. Duk rigimar fansho da kake ji a duniya a kan wanda zai ɗauki wannan giɓin ake yin ta.

Ƙasashen da suka tsufa

Lokacin da shugaban gwamnati Bismarck ya kafa fansho a Jamus a 1889, sai mutum ya kai 70 yake karɓa, kuma kaɗan ne suke kaiwa. Yau mutane suna shekara ashirin ko fiye suna karɓa, haihuwa kuma ta ragu. A Faransa a 1960 ma'aikata kusan huɗu ne ke zubi a kan kowane ɗan fansho, yanzu ba su kai biyu ba. Shi ya sa a 2023 gwamnatin Macron ta zartar da dokar ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64, aka yi watanni ana yajin aiki da zanga-zanga. Jamus tana ɗaga nata sannu a hankali zuwa 67 nan da 2031. Ƙasar Sin ta fara nata a Janairun 2025, maza daga 60 zuwa 63 cikin shekara goma sha biyar. A Japan kusan kashi 29 cikin ɗari na jama'a sun kai 65 ko sun haura, wato masu shekarun aiki biyu ne kacal a kan kowane tsoho. Tun 2004 suka sa doka wadda take rage saurin ƙarin fansho da kanta duk lokacin da masu zubi suka ragu kuma rai ya ƙara tsawo.

Ka lura da abu ɗaya: a cikin ƙasashen nan babu wadda ta daina biya. Abin da ake yi shi ne a tsuke alkawarin, a ce ka daɗe kana aiki, ko ka karɓi abin da bai kai na magabatanka ba. Inda tsufa ya fi cizo kuma shi ne inda tsarin ya zo a makare. Koriya ta Kudu ta fara fanshon ƙasa ne a 1988, don haka tsofaffi da yawa ba su yi zubi mai tsawo ba, ga shi 'ya'ya sun daina zama da iyaye. Kusan kashi 40 cikin ɗari na tsofaffinta ana lissafa su cikin matalauta, a ƙasar da take ƙera motoci da wayoyin da muke saye. Wannan ya fi kusa da halinmu fiye da labarin Faransa.

Nijar ƙasar yara ce, amma asusu yana iya tsufa shi kaɗai

In yawan tsofaffi ne matsalar, mu muna nesa da ita. Kusan rabin 'yan Nijar ba su wuce shekara 15 ba. Waɗanda suka haura 65 ba su kai kashi 3 cikin ɗari ba. Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 17 da 'yan kai, yanzu mun haura miliyan 25. Inda Japan take da masu shekarun aiki biyu a kan kowane tsoho, mu muna da kusan ashirin.

Sai dai asusu bai san yawan jama'a ba, masu zubi kawai ya sani. Fiye da tara cikin goma na masu aiki a ƙasar nan manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, ba su da takardar albashi, ba su zuba ko dala. Ka duba yankinku na Adar: samarin da ke tafiya ci-rani Abijan ko Libiya ko Najeriya su ne ke riƙe da tsofaffin ƙauyuka da kuɗin da suke aikowa, amma ko ɗaya daga cikinsu bai shiga lissafin CNSS ba. Don haka ƙasa tana iya cika da matasa alhali asusun yana tsufa, in waɗanda suka shiga a shekarun 1980 da 1990 suna fita ritaya da sauri fiye da yadda ake ɗaukar sababbi da rajista.

A ɓangaren gwamnati abin ya fi fitowa fili. A shekarun 1990, lokacin tsuke bakin aljihu da bashin albashi, an daɗe ba a ɗaukar ma'aikata yadda ya kamata, daga baya aka cike giɓin da 'yan kwantaragi, musamman a makarantu. Duk shekarar da aka yi ba a ɗauki ma'aikaci na dindindin ba, an rasa mai zubi ke nan na shekara talatin, alhali 'yan fansho ba su daina ƙaruwa ba. Irin wannan asusu a ƙarshe baitulmali ne madogararsa, shi ya sa wahalarsa takan fito ne ta hanyar jinkirin biya.

Akwai kuma tsawon rai. A 1960 matsakaicin ran ɗan Nijar bai kai shekara 40 ba, yanzu ya haura 60 kaɗan. Mutane sukan ji wannan su ce ai ke nan shekara ɗaya ko biyu mutum zai ci fansho. Ba haka ba ne. Mutuwar ƙananan yara ce take jawo adadin ƙasa. Wanda Allah Ya kai shi 60, a bisa lissafi yana da shekara goma sha biyar ko fiye a gabansa, kuma bayan ransa matansa da marayunsa suna karɓar wani kaso. A ƙasar da dattijo yakan bar mata mai ƙuruciya, fansho ɗaya yana iya ɗaukar shekara talatin ana biya.

Bari mu auna alkawarin da zubin. Mu ɗauka, don misali kawai, kowace shekarar aiki tana ba mutum kashi 2 cikin ɗari na albashinsa. Wanda ya yi shekara 30 zai samu kashi 60. A shekara 30 ɗin, shi da kamfani sun zuba abin da ya kai albashin shekara uku da rabi. In ya yi shekara 16 yana karɓar kashi 60, ya karɓi albashin shekara tara da rabi, ba a ma sa na iyalinsa ba. Bambancin ya kusa ninki uku. Wannan ba sata ba ce kuma ba kuskure ba ne, haka tsarin yake, kuma yana tafiya lafiya muddin masu zubi suna ƙaruwa kuma ribar dukiyar asusun tana shigowa. Ranar da ƙaruwar ta tsaya, sai an taɓa ƙa'idojin.

Abin da ya fi yiwuwa a yi

Maƙwabtanmu sun riga sun bi hanyar. A Kwaddibuwa a 2012, da asusun CNPS ya shiga giɓi, an ɗaga shekarun ritaya daga 55 zuwa 60, aka ɗaga zubi daga kashi 8 zuwa 14, aka kuma tsawaita shekarun da ake ɗaukar matsakaicin albashi daga 10 zuwa 15. Asusun ya farfaɗo. A shekara 13 da suka rage maka, in wani abu zai canza, irin wannan ne: a ce ka ƙara shekara ɗaya ko biyu, ko a ƙara abin da ake cirewa. Ka sa wannan a lissafinka.

Kowace hanya da tsadarta. Ƙara kason zubi a ƙasa irin tamu yakan sa kamfanoni su ƙara ɓoye ma'aikata, sai a ƙara kaso amma kuɗin shiga bai ƙaru ba. Ɗaga shekaru yana da sauƙi ga mai aikin biro, yana da nauyi ga lebura da direban babbar mota, ga kuma matasa masu digiri da ke jiran gurbi.

Wasu suna cewa a bar wannan tsari a koma kowa da asusunsa, abin da ka zuba shi za ka ɗauka. Cile ta fara haka a 1981, Najeriya ta bi a 2004, ta gyara dokar a 2014 zuwa kashi 8 daga ma'aikaci da 10 daga mai ɗaukar aiki. Amfaninsa, kana ganin kuɗinka a takarda, kuma ƙarancin masu zubi bai shafe ka kai tsaye ba. Illarsa, duk haɗarin ya dawo kanka. Dala ɗaya ta Amurka tana wajen naira 460 a tsakiyar 2023, a 2024 ta haura 1,500, kuma wanda ya yi shekara ashirin yana tara naira shi ya sha asarar. A Cile ma ƙanƙantar fansho ta sa sai da gwamnati ta ƙara wani tallafi daga baitulmali a 2008, duk da haka jama'a suka cika tituna a 2016. Ga kuma matsalar sauyin kanta: in ma'aikatan yau suka fara tara wa kansu, wa zai biya kawunka? Sai gwamnati ta biya tsofaffin daga aljihunta na shekaru masu yawa. Ni ban ga wannan a matsayin mafita ga Nijar ba. Asusun ƙari a kan wanda ake da shi, wannan yana da ma'ana. Maye gurbinsa kuwa ba ta taso ba.

Maganin da ya fi dacewa da mu shi ne wanda Japan ba ta da shi: a shigo da masu zubi. Kamfanonin gine-gine, makarantu da asibitocin kuɗi, gidajen mai, kamfanonin masu gadi, ma'aikata nawa ne a cikinsu ba su da lambar CNSS? Sannan a karɓo bashin zubin da ke kan masu ɗaukar aiki, a kuma kiyaye inda ake zuba rarar asusu, don gini da ba ya kawo haya ko rance da ba ya dawowa asarar 'yan fansho ce. Ƙungiyar CIPRES, wadda ƙasashen yankin sefa suka kafa a 1993, aikinta ke nan na sa ido a kan irin waɗannan asusai. Ƙasashe kamar Botswana da Namibiya da Lesoto kuma sun ɗauki wata hanya ga waɗanda ba su taɓa zubi ba: ɗan kuɗi daga baitulmali ga kowane tsoho da ya kai wasu shekaru. A ƙasar da tsofaffi ba su kai kashi 3 cikin ɗari ba, yanzu ne wannan yake da araha.

Me fanshon zai saya

Nan ne wahalar kawunka take, kuma dalilanta uku ne da suke haɗuwa.

Fansho tun ranar farko bai kai albashi ba. Ana lissafa shi ne a kan matsakaicin albashin shekarunka na ƙarshe, kuma ko ka yi shekara nawa ba ya wuce kashi 80 cikin ɗari. Akwai kuma rufi: ba a cire zubi a kan abin da ya haura jika 500 a wata, don haka ba a lissafa fansho a kansa. Kai wannan bai shafe ka ba, amma babban ma'aikaci mai jika 900 da ya samu kashi 60 zai karɓi jika 300 ne, sulusin abin da ya saba. Da yawa daga cikin waɗanda ake gani sun faɗi warwas bayan ritaya irin waɗannan ne, ga motar aiki da gidan aiki da kuɗin tafiye-tafiye duk sun tafi rana ɗaya.

Sai tsadar kaya, wadda ita ce babbar mai cin fansho. Albashi yakan motsa, ana ƙarin girma, ƙungiyar ƙwadago tana matsa lamba. Fansho kuwa yakan tsaya cik shekara da shekaru sai an yi wani ƙari na musamman. Ko mafi ƙarancin albashi, wanda mafi ƙarancin fansho yake rataye da shi, ya tsaya a sefa 30,047 tun 2012 sai a 2024 aka kai shi 42,000. In farashi yana hawa da kashi 3 cikin ɗari kacal a shekara, bayan shekara 15 jika 100 ɗinka za ta sayi abin da jika 64 take saye yau. In kashi 5 ne, ba za ta kai jika 50 ba. Sefa ta fi naira tsayuwa saboda an ɗaure ta da yuro a kan 655.957, amma wannan bai hana buhun shinkafa tashi ba bayan takunkumin da aka sa wa Nijar a 2023 da rufe iyakar Binin. Dattawa kuma ba su manta Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi cikin dare ɗaya, kayan waje da magani suka yi tsalle, fansho yana nan inda yake.

Na ukun shi ne nauyin gida. Bature yakan yi ritaya yaransa sun kama gabansu. A nan mutum yakan kai 60 yana da 'ya'ya a firamare, wasu a jami'a, ga waɗanda suka gama ba aiki suna cin tukunyar gida, ga dangi a Tawa da suka saba da saƙo kowane wata kuma ba su san an yi ritaya ba. A daidai lokacin ne hawan jini da ciwon suga da ciwon ido suke fara neman kuɗin magani na kowane wata. Kuɗin da gida ke ci ya ƙaru, kuɗin shiga ya ragu da kusan rabi. Inda kuma ake biya wata uku-uku, kamar yadda aka daɗe ana yi, kuɗin yakan ƙare a wata na biyu, sai bashin mai kanti, in fansho ya fito ya tafi wajen biyan bashi.

Abin da ke hannunka

Abin da na fi gani yana rage wa mutane fansho idan an zo haɗa takardu ba giɓin asusu ba ne, ramuka ne a rajistarsu. Takardar albashi tana nuna an cire, amma kamfani bai kai kuɗin ba, ko ya kai a dunƙule bai rubuta sunayen ma'aikata ba. Ko an yi wa mutum rajista shekara huɗu bayan ya fara aiki. Ko ya canza kamfani aka buɗe masa sabuwar lamba, watanninsa suka rabu gida biyu. A misalinmu na kashi 2, shekara 30 a kan jika 200 tana ba da jika 120. In shekara shida suka ɓace, jika 96 ce, asarar jika 24 kowane wata har ƙarshen rai. In ramukan suka yi yawa har watannin ba su kai 180 ba, wato shekara 15, babu fanshon wata-wata sam, sai kuɗi dunƙule sau ɗaya.

Don haka kada ka jira 59. Ka je ofishin CNSS da lambarka ka nemi a fitar maka da bayanin watannin da aka rubuta maka da albashin da aka bayyana a kowanne. Ka zauna ka gwada shi da takardun albashinka shekara bayan shekara. In ka ga rami, ka fara da mai kula da ma'aikata a kamfanin, a rubuce, ka riƙe kwafi. In bai gyaru ba, ofishin sufetan ƙwadago. Gyara yana da sauƙi muddin kamfanin yana raye. Wanda ya rufe shekara goma da suka wuce, mai shi ya bar ƙasa, da wuya a samo komai sai abin da ka adana da hannunka. Takardun albashi, takardar ɗaukar aiki, takardar shaidar aiki daga duk inda ka bari, ka haɗa su wuri guda inda ruwa da gara ba sa kaiwa, ka kuma ɗauki hotonsu a waya. Ka maimaita wannan binciken duk shekara biyu.

Ka duba albashin da aka bayyana, ba wanda kake karɓa ba. Wasu kamfanoni sukan rubuta jika 120 a takarda su ba da 80 a hannu, ma'aikaci yana murna an rage masa abin cirewa. A kan jika 80 ɗin da aka ɓoye, abin da ya tsira da shi jika 4 da 'yan kai ne a wata. Abin da zai rasa a fansho, in kashi 60 ne, jika 48 ce a wata. Tun da shekarun ƙarshe ake dubawa, daga yanzu ne wannan ya fi muhimmanci gare ka. Haka kuma ka yi hattara da karɓar aiki mai ƙaramin albashi a shekarun dab da ritaya, don yana iya jawo matsakaicin ƙasa.

Takardun haihuwa da na aure su ma suna tsayar da fansho watanni. Suna a rubuce iri biyu, Mahamadou a nan Mohamed a can, ko shekarar haihuwa ta katin ɗan ƙasa ta saɓa da ta rajista, duk sai an je kotu an daidaita. Auren da aka ɗaura a masallaci ba a kai shi magajin gari ba yakan bar mace tana yawon neman shaida bayan rasuwar miji. Kason matan mamaci rabin fanshon ne, kuma in sun fi ɗaya raba shi suke yi, don haka mai mata biyu ya sani kowacce rubu'i za ta samu. Wannan lissafi ne da ya kamata a yi shi da rai.

Ainihin adadin da za ka samu sai an ga rajistarka, don ya danganta da shekarar da ka shiga da ƙa'idar da ta hau kan kowane zango na aikinka, kuma ofishin ne zai fitar maka da shi. Amma don shiri, ka ɗauka rabin albashinka ne ko sama da haka kaɗan, ka kuma ɗauka zai riƙa raguwa a kasuwa. Da wannan ma'auni, abu mafi amfani da za ka yi a shekara 13 ɗin nan shi ne ka fita daga gidan haya. Ɗan fansho mai jika 110 a gidansa da wanda yake biyan hayar jika 50 a Yamai ba rayuwa ɗaya suke yi ba. In fili a Yamai ya fi ƙarfinka, ka yi tunanin Tawa tun yanzu, ka gina a hankali, ka kuma tabbatar da takardar filin kafin ka sa bulo ɗaya. Duk bashin banki da za ka ci, ka tsara shi ya ƙare kafin 60.

Bayan gida sai wata hanyar shiga da take bin farashi, tun da fansho ba ya bi: ɗaki biyu na haya, kiwon tumaki na Layya, gonar albasa da wani ɗan'uwa amintacce yake kula da ita, ko ƙaramin shago. Sharaɗin shi ne ka fara tun kana da albashi, da kuɗi kaɗan, don ka yi kurakuranka lokacin da kake iya jure su. Abin da ya fi karya 'yan ritaya shi ne su karɓi kuɗin sallama dunƙule su zuba shi duka a sana'ar da ba su taɓa yi ba, mota ta haya ko kasuwancin hatsi, cikin shekara biyu babu uwa babu riba. Kai da kake kula da sito kana da sana'a a hannu, ka san shigar kaya da fitarsu da lissafinsu, kuma 'yan kasuwa da yawa a kasuwar Katako da Babbar Kasuwa ta Yamai suna buƙatar wanda ya iya wannan ko na rabin yini ne. Ka fara ƙulla wannan hulɗar tun kafin ka bar kamfani, don an fi ɗaukar mutum yana kan aiki fiye da bayan ya shekara biyu a gida.